Koren Keken Che Twaibu

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Yau aka naɗe tabarma ta ƙarshe a tsakar gida. Masu zaman makoki sun koma gonakinsu, saura ni da yayata Awetu, wadda ta baro miji da awaki ta zo taya ni takaba. Ita ta ce in riƙa rubutu ko na daina kallon bango.

Ba bango nake kallo ba. Kekuna biyu ne jingine a baranda, nawa shuɗi, na mijina Che Twaibu kore. Tsofaffin kekunan hawan dutse ne na ƙarfe zalla, irin waɗanda Turawa suka gaji da su aka zubo mana a gwanjo. Duk tsatsa ya tsinto su a Limbe, ya zauna ya tayar da su da hannunsa. A kan koren yake zagaya ƙauyukan bayan Namwera yana auna jarirai yana ɗiga musu magani, rani da damina.

Ranar da ya rasu bai hau shi ba, mota ya shiga, ta yi hatsari. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan azahar

Tayar baya ta kore ta yi laushi. Na ɗauko famfo na ba ta iska. Yaya Awetu ta leƙo daga kicin ta ce ina zan je, na ce babu. Ta ce to wa zai je? Ta koma ciki tana jan hanci, wai hayaƙi ne.

Keke ba ya son zama, shi ya koya mini haka. In ka ajiye shi sai ya fara mutuwa ta ƙasa, tayoyi tukuna, sai sarƙa, sai wayar birki.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Na dafa shayi kofi biyu. Yaya ta shanye ɗayan.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Che Bwanali, kawun mijina, ya zo gaisuwa tare da Imedi. Imedi ɗan yayar Che Twaibu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kabaza yake yi a tasha, yana ɗaukar fasinja a bayan keken haya. Na gaishe su daga bakin ƙofa. Kawu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce an tsayar da sadakar arba'in ranar Asabar ta farko a watan gobe.

Duk tsawon addu'ar hannun Imedi na kan sirdin kore. Ya matsa birki, ya sake. Ya tsuguna yana duba bayan sirdin, daidai inda ake ɗaura kariyar ɗaukar kaya. Ina ganinsa ta ƙarƙashin mayafi, na ji kamar in jefe shi da buta.

Bayan sun tafi Yaya ta faɗa mini abin da na riga na sani. Gida namu ne, a filin uwarmu ya same ni, babu mai taɓa ko tsintsiya. Amma kayan namiji na danginsa ne, ranar arba'in za a baje su a tabarma a raba wa 'ya'yan 'yan'uwansa mata. Rediyo, riguna, sifanoni, keke.

"Naki dai naki ne, Lukia," in ji ta. "Ƙafa huɗu gare ki da za ki hau biyu?"

Na ce ta bar ni. Ta ce ai barina ɗin ne ya kawo ta nan.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Na san abin da ɗan kabaza ke yi wa keke. Mai walda zai ƙona masa kariya ta rodi a jiki, a ɗora katifa mai tuntu. A cire giya, wai wahala ce. A rataya madubi uku da hoton ɗan ƙwallo. Sannan a ɗora masa buhun masara da matar mai masarar, har ƙashin bayansa ya karye a gangaren Chiponde.

Ban ce Imedi mugu ba ne. 'Ya'yansa na cin tuwo ne da ƙafafunsa. Amma mutumin nan sai da ya yi wata yana neman wayar giyar da ta dace da keken, ya ƙi saka ta zamani, wai ba za su jitu ba. Ranar Lahadi yakan shimfiɗa buhu a bayan gida ya kwance cibiyar taya, ya zuba boris a faranti, a farantin baƙina kuwa, yana wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya. Na yi faɗa har na gaji, na tsuguna na koya.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Matan rijiya sukan ce ga Lukia da mijinta za su kai tagwayensu shan iska. Shi dariya yake yi ya kaɗa musu ƙararrawa. Ni ce ba na dariya, sai ga shi yau na gane ba ƙarya suka yi ba.

Su ɗauki rediyon, su ɗauki riguna. Keken nan kam ba zan iya ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, da magariba

Wani ya sauko gangaren makaranta bai taka feda ba, tayarsa na ƙas-ƙas-ƙas. Har na miƙe zan buɗe ƙofa.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan azahar

An aiko wa Yaya cewa akuyarta ta haihu kuma mijinta ya ƙone tukunya. Ta tafi, za ta yi kwana huɗu. Ta bar wa maƙwabciya sallahun ta riƙa leƙo ni.

Na zagaya bayan gida na tsaya gaban tarin ƙarafansa. Matattun kekuna ne da yake sayowa don ciro kaya, firam-firam babu taya, lanƙwasassun rim, sarƙoƙin da tsatsa ta manne, duk ciyawa ta fito ta cikinsu. Yaya tana kiran wurin maƙabartar Che Twaibu, tun kafin kalmar ta zama abin da ba a faɗa a gidan nan.

A cikin ɗaki ba zan iya ɓoye komai ba, matan danginsa har ƙarƙashin gado suke leƙawa ranar rabo. Maƙwabta kuma bakinsu ba ya riƙe ruwa. Amma wa zai raba bola? Sai na ga in keken ya shiga cikin matattun nan ya kwanta, zai tashi bayan kowa ya watse.

Talata, 23 ga Yuli, da la'asar

Na gama.

Jiya na fara da tayoyi. Sai sarƙa, sai feda, na tuna ta hagu baya-baya take kwancewa, kamar ina jin muryarsa a kunnena yana cewa a hankali Abiti Sumani, zare ba ya son fushi. Haka yake kirana, da sunan mahaifina, in zai koya mini abu ko in ya yi laifi.

Ƙa'idarsa ita ce a jera kaya a kan buhu daga hagu zuwa dama yadda aka ciro su, don in za a mayar a biyo su daga dama. Na fara jerawa ban sani ba. Da na lura sai na hargitsa su da ƙafa. Birki na cusa cikin tsohuwar taya, giya na zuba a gwangwanin fenti, rim biyu na saka tsakiyar lanƙwasassu. Sirdin ne ya ba ni wuya. Fatar ta lotsa gefe guda, don da ƙafar dama ya fi takawa. Na daɗe zaune da shi a cinya kafin in naɗe shi a tsumma in tura ƙarƙashin tarin.

Firam ɗin kuwa ko daga titi aka hango koren nan an gane shi. Na kwaɓa baƙin mai da toka na shafe shi tas. Sai ya fita daban, shi kaɗai baƙi ƙirin, don haka na shafe sauran matattun ma. Yanzu in ba ni ba babu mai cewa ga shi.

Na nemi gafararka ina yi, Che Twaibu. Ka san zan mayar da shi, kai ka koya mini.

Alhamis, 25 ga Yuli, da hantsi

Yaya ta dawo da kifin usipa da labarin akuya. Ba ta ajiye kaya ba ta ce ina kore. Na ce wani abokin aikinsa daga Chiponde ya zo ya ara, nasa ya lalace kuma ana rigakafi.

Ta kalli fuskata, ta kalli faratana. Na sa toka na sa lemun tsami, baƙin bai fita ba.

"Uhm. Abokin nan, ke kika raka shi har Chiponde da rarrafe?"

Ta ce ita ba ta ji ba ba ta gani ba, duk gidan da na kai shi Allah ya rufa asiri. Ta ɗauka wani gida na kai. Na bar ta a haka, don Yaya in ta san abu, to rijiya ta sani.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Imedi ya kawo itace don sadaka. Ya tsaya a baranda yana kallon inda kore yake jingina, shuɗin shi kaɗai. Na maimaita masa labarin Chiponde. Karo na biyu ƙarya ta fi sauƙin fita.

Ya cire hula yana murzawa ya ce, "Inna, dama akwai maganar da nake so mu yi a kan keken kawu."

Na ce mai takaba ba ta doguwar magana da maza, ya bari sai ranar. Na shige na turo ƙofa. Na daɗe ina jin shi tsaye kafin ya tafi. Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini, daɗin wanda ya riga ɓarawo rufe ƙofa.

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Na zagaya na duba. Yana nan. Kaza ta yi ƙwai a cikin tayar da birkin yake.

Juma'a, 2 ga Agusta, da azahar

Gida ya cika. Mata sun zaunar da ni a uwar ɗaki, tsofaffi biyu a dama ɗaya a hagu, duk wadda ta shigo sai ta fara kukan daga farko. Ko bayi zan je sai an raka ni. Ina rubutu ne yanzu da suka fita alwala.

Tun safe ake ta ƙarar ƙarfe a waje. Manyan tukwanen masallaci aka kawo, in ji su. Kaina kamar zai rabe.

Asabar, 3 ga Agusta, da magariba

Bari in rubuta yadda ya faru, a jere, daga hagu zuwa dama.

An yi karatu, an ci shinkafa da wake. Bayan azahar aka baje kaya a tabarma, aka ce in zauna a bakin ƙofa in shaida. Rediyo ya tafi, kwat ɗin aurenmu ya tafi, takalman ruwa sun tafi. Ban ji komai ba, ina ta shirya fuskar da zan yi in aka zo kan keke.

Che Bwanali ya gyara murya ya ce saura keke. Ya ce bisa al'ada na Imedi ne, amma Imedi ya same su tun makon jiya ya ce ba zai karɓa ba.

Imedi ya ce, kansa a ƙasa, "Na gwada ɗora hannu a sirdin nan, kawu, na ji ba zan iya zama a kai ba. Garin nan kowa ya san kekunan nan tare suke tafiya. A bar wa inna."

Kawu ya juyo wajena. "Kin ji, 'yata. Sifanonin ma an bar miki, tunda an ce kin fi wasu mazan iya riƙe su. Ki aika Chiponde a karɓo miki kayanki."

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na ce na gode. Wallahi har na ji kunya ta rufe ni, ga daɗi, ga dariya na neman ƙwace mini, na ce ashe wahalar banza na sha. Da aka fara watsewa na zame na zagaya baya.

Murhu huɗu na tarar a wurin, da tukwane a kai. An share ƙasar tas har an yayyafa ruwa.

Yaya ta biyo ni da ludayi a hannu tana cewa ai na ga yadda wurin ya yi kyau. Ba su da inda za su kafa tukwane, shi ne jiya ta sa Imedi da samari suka kwashe tarkacen, aka yi sa'a mai sayen ƙarafa yana gari da motarsa, har abin da ya bayar an ƙara a cefanen sadaka. Tana cikin magana ta kalli fuskata, sai ta kalli hannuna. Ludayin ya faɗi.

"Lukia. Ba a nan ba dai?"

Na zauna a ƙasa, cikin tokar.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Ashe ƙarar da na ji ranar Juma'a ba tukwane ba ne. Ina zaune bango ɗaya tsakaninmu.

Litinin, 5 ga Agusta, bayan azahar

Yaya ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya. Ta ce ita ta kashe shi, na ce ba mutum ba ne, keke ne, sai muka yi ta kuka mu biyu kamar ranar farko. Garin gyaran gira na rasa ido, babu wanda ya yi mini sai ni.

Ita ta aika aka kira Imedi. Na faɗa masa komai ta bayan labule, ban rage ba, har da dalilin. Na so ya zage ni. Har na ɗauka ya tafi, sai ya ce, "Ni kika ɓoye wa, inna?"

Na ce eh.

Ya ce da hannunsa ya jefa firam-firam ɗin nan cikin mota, yana ta tsaki don sun ɓata masa riga. Ya tambayi kamannin abin da na yi masa, na faɗa. Ya ce mai motar a Mangochi yake tara kaya kafin babbar mota ta kwashe zuwa Blantyre. Na ce kada ya je, yana da bakuna huɗu a gida. Ni kuwa ba dama in taka ko bakin titi sai na fita takaba. Sai na ji ƙarar kekensa, ya tafi.

Laraba, 7 ga Agusta, da la'asar

Shiru. Matarsa ta aiko tambaya ko mun ji labarinsa. Yaya ta aika mata garin masara.

Na buɗe akwatin sifanonin da aka bar mini, na rufe.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Ya dawo.

Daga gangaren makaranta na hango shi yana turo keke, ya ɗaure baƙin firam a kan katifar fasinja. Ya rame, leɓensa ya tsage, hannayensa duk yanka. A Mangochi aka ce masa kayan sun wuce Liwonde, ya bi su da keke. Yini biyu ya yi yana tonon tarin ƙarafa da ya fi gidan nan tsawo, masu wurin suna yi masa dariya. Tayoyi da sirdi da sauran ƙananan kaya sun bi babbar mota, in ji shi, amma ya sami uwar.

Ya kwance igiya ya miƙo mini da hannu biyu, yana murmushi irin na kawunsa, ta gefe ɗaya.

Tun kafin in duba na sani. Ya fi nauyi. Na sha ɗaga kore in ratsa rafi da shi, hannuna ya san shi. Wannan ɗaya ne daga cikin matattun da na shafe don su raka shi. Na kai babban yatsa ƙarƙashin inda feda ke shiga na goga kaɗan, inda ba zai gani ba. Ja ne.

"Shi ne ko, inna?"

Yaya na tsaye a bayana ta riƙe numfashi. Na kalli ƙafafunsa, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya.

Na ce shi ne.

Ya tsuguna a wurin ya rufe fuska da hula ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kawo gawar kawunsa. Yaya ta yi ta hamdala tana zuba masa ruwa, ta ɗora tuwo. Da zai tafi ya ce ranar Litinin zai zo da kananzir mu wanke shi tare, koren ya fito, sannan a fara neman kaya ɗaya-ɗaya har ya tashi. Na ce wankin kam ni kaɗai nake so in yi, ya ce ya fahimta.

Asabar, 10 ga Agusta, da hantsi

Na wanke shi a ɗaki, ƙofa a rufe, na kankare jan har ƙarfe ya fito. Na ce wa Yaya man ya cinye fentin, ta je kasuwa ta sayo mini kore.

Ta kawo. Ta ce mai shagon ya rantse irinsa ne sak. Ya fi naka haske, Che Twaibu, ko kusa bai kai ba. Na shafa hannu na farko, ina jira ya bushe.